Anti, fim ne fa, amma tun daren na kasa haɗa ido da shi

Salam Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Shekarata 23, a Zariya nake, an sa ranar aurena da ɗan goggona bayan babbar sallah. Da yake ɗan gida ne, in ya zo zance wani lokacin a falo yake zama da su Umma da ƙannena ana kallo. Akwai wani fim mai dogon zango da muke bi duk sati, a ciki aka aiki yarinyar da ke aikatau ta kai wa ɗan masu gida abinci ɗaki da daddare, ya rufe ƙofa ya yi mata fyaɗe. Yaya, wato shi wanda zan aura, ya ce "ita ma me ya kai ta ɗakin ƙato a wannan lokacin, in ɓera da sata ai daddawa ma da wari", Umma ta ce dama 'yan aikin nan akwai rawar kai. Bayan sati uku kuma sai ga wata Hajiya ta tsare yaron da ke mata wanki da guga, ta ce in bai ba ta haɗin kai ba za ta ce ya mata sata. Duk falon aka kwashe da dariya, Yaya har da cewa yaro ya tsinci dami a kala, ni ma Anti na yi dariyar, sai daga baya naji kunyar kaina. Abin da ba wanda ya sani, ina 'yar shekara 13 wani maƙwabcinmu da ake aikena gidansa ya min irin abin da aka yi wa yarinyar, ban yi ihu ba kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ke yau. Na gaya masa ne? Na fasa auren? Ko dai ni ce na ɗau abin da zafi tunda fim ne?

Wa'alaikissalam 'yata.

Kafin mu je kan fim da Yaya bari na fara da yarinyar nan 'yar shekara 13, dan naga alama shekara goma kenan ba wanda ya ce mata komai. Ba ki da laifi. Aikenki aka yi kika je, kamar yadda kowace yarinya mai tarbiyya take zuwa in babba ya aike ta, wanda ya ci amana shi ne babban da aka yarda da shi har ake tura masa 'yar mutane cikin gida. Kuma wannan "ban yi ihu ba" da kika saka a saƙonki na gane abin da ke ƙarƙashinsa, kina tuhumar kanki ne da shi. Daina. Jikin ɗan Adam in tsoro ya kai masa maƙura ba kullum yake gudu ko kokawa ba, sau da yawa sandarewa yake, murya ta maƙale a wuya, hannu da ƙafa su ƙi motsi kamar ba naki ba. Likitoci a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin sun tambayi mata 298 da suka zo asibiti bayan an musu fyaɗe, suka fitar da sakamakon a 2017, kashi 70 cikin ɗari sun ce haka jikinsu ya daskare, kuma waɗannan ba yara bane irinki a lokacin da aka koya wa cewa ba a ɗaga wa babba murya. A addini ma maganar a fili take. Abu Dawuda da Tirmizi sun kawo labarin matar da ta fita zuwa sallah a zamanin Manzon Allah SAW wani ya tare ta ya fi ƙarfinta, da aka zo gabansa ce mata ya yi ta tafi Allah Ya gafarta mata, hukunci ya koma kan namijin, kuma a ruwayar ba inda aka tsaya ana tambayarta me ya fito da ita. Imamu Malik a Muwaɗɗa ya ce wadda aka tilasta babu uƙuba a kanta, shi ne zai sha hukunci ya kuma biya ta sadakin irinta. Mazhabar da muke bi kenan a nan ƙasar, sai dai a falukanmu kamar ba mu taɓa ji ba.

Toh sai batun "fim ne". Eh fim ne, yarinyar nan jaruma ce an biya ta kuɗinta ta koma gida lafiya lau. Amma maganar da Yaya da Umma suka yi ba a cikin fim suka yi ta ba, a falonku suka yi ta, a kunnenki da kunnen ƙannenki, kuma ra'ayinsu na gaske ne ya fito dan mutum ya fi sakin baki in yana ganin ba wanda zai ji ciwo. Shi yasa abin ya tsaya miki. Shekara goma kina tambayar kanki da na faɗa me za a ce, sai gashi kin ji amsar daga bakin mutum biyu da suka fi kowa kusa da ke ba tare da kin tambaya ba. Duk wadda ke matsayinki sai ta kasa bacci, ba zafin kai bane.

Kuma ki lura da wani abu game da fina-finanmu. Namiji da mace ko taɓa juna ba sa yi a gaban kyamara, dan haka fyaɗe a fim ɗin Hausa ƙofa ce aka rufe, sai ƙara ɗaya, sai a nuno yarinya tana kuka ɗankwali a ƙasa. Abin da ya faru a bayan ƙofar mai kallo ne ke cike shi da abin da ke kansa. Mai tausayi ya cike da tsoron da yarinyar ta ji, wanda ya taso yana jin cewa mace ita ke jawo wa kanta sai ya cike da "ai da ba ta so da ba ta shiga ba". Kinga ashe ba fim ɗin suka fassara ba, kansu suka karanto muku.

Dariyar da kuka yi wa yaron wanki kuwa, na ji daɗi da kika faɗe ta ba ki ɓoye ba, dan nan ne mutane da yawa ke kasa ganin cewa abu ɗaya ne. A ido kamar hukunci biyu ne mabambanta, mace an zarge ta namiji an taya shi murna, amma tushensu guda: mun ɗauka namiji kullum a shirye yake kullum yana so, ba ya iya riƙe kansa, ita kuma mace ita ce mai gadin ƙofa. In ka yarda da wannan to duk abin da ya samu mace sakacinta ne tunda ba ta yi gadi da kyau ba, duk abin da ya samu namiji kuma garaɓasa ce tunda ai dama so yake. Da wannan tunanin guda ɗaya aka wanke ɗan masu gida, da shi aka wanke Hajiya, aka bar yara biyu talakawa masu neman na abinci, ɗaya da zargi ɗaya da dariya. Duba su waye a labarin ma: 'yar aiki da yaron wanki, mutanen da in suka ce a'a aikinsu ya tafi, in suka yi magana ba mai yarda da su a kan masu gida. Ƙarfi da iko ne ke aiki a wurin, wanda ke da shi ya taka wanda ba shi da shi, ko wando ya sa ko zani ya ɗaura.

Abin da ke ban mamaki da mu wlh, labarin yaron da matar gida ta tsare mun haddace shi tun muna makarantar allo. Annabi Yusuf AS yaro ne da aka sayo ya girma a gidan Azizu, matar gidan ta kulle ƙofofi ta neme shi, ya nemi tsarin Allah ya ruga ƙofa ta yaga masa riga ta baya, suna cin karo da mijinta a bakin ƙofa ita ta riga shi kai ƙara. Wani daga danginta ya ce a duba rigar, in ta gaba ta yage ita ke da gaskiya in ta baya ne shi ke da gaskiya, wato a bi hujja kar a bi wanda ya fi matsayi. Aka duba gaskiya ta fito, amma me maigidan ya ce wa Yusuf? Ya kau da kai daga maganar, irin "a rufa asiri a bar zancen" ɗin da muka sani a manyan gidaje har gobe. Matan gari suka ɗauki zancen suka maida shi abin gulma, ƙarshe bayan duk an ga hujjoji shi aka kai kurkuku ya yi shekaru. Da sarki ya aika a fito da shi ma bai fito ba sai da ya nemi a koma a binciki maganar matan nan aka wanke sunansa. Duk azumi muna zuwa tafsiri muna jin wannan surar har da hawaye, ba wanda ya taɓa cewa Yusuf ya tsinci dami a kala, kowa ya san jarrabawa ce da zalunci. To yaron wankin da aka ce masa ko ka yarda ko na ce ka min sata, barazanar da aka masa da wadda aka yi wa Yusuf ta ɗauri ai 'yan gida ɗaya ne, me ya sa tasa ta zama abin dariya?

Kuma ba abu bane da ke faruwa jefi-jefi. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya nuna yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma a Najeriya an ci zarafinsu ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18. Lissafa yaran layinku ki gani. Yaran mazan nan su ne suka fi kowa shiru, dan in namiji ne ya musu tsoron a kira su da mummunan suna suke, in mace ce kuma sun san dariya za a yi a ce ɗan sa'a. Doka ma ta daɗe da wannan makantar, sashe na 282 na dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960 fyaɗe a wurinsa abu ne da namiji ke yi wa mace kawai, sai a 2015 dokar VAPP ta hana cin zarafin mutane da Jonathan ya sa wa hannu ta faɗaɗa ma'anar ta yadda namiji ma zai iya zama wanda aka yi wa, mace ma za ta iya zama mai laifin. A jiharku ta Kaduna gyaran da El-Rufa'i ya sa wa hannu a Satumban 2020 ya tanadi dandaƙa da kisa ga namijin da ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe, macen da ta aikata ita ma a cire mata bututun ƙwan haihuwa sannan kisa. Ni dai ina da shakku kan ko tsananin hukunci kaɗai zai sa iyaye su fito, tunda mai laifin yawanci kawu ne ko maƙwabci ko malami kuma dangi sun fi son a kashe wutar a cikin gida, amma ko ba komai doka ta riga falonku yarda cewa Hajiyar nan mai laifi ce.

Masu shirya fim ɗin ma suna da nasu kason. Ban ga wanda kuke kallo ba amma na ga irinsa da yawa, wurin yarinya a sa kiɗa mai ban tausayi, wurin yaro a sa kiɗan barkwanci a nuno shi yana zare ido, mai kallo tun kafin ya yi tunani an riga an gaya masa inda zai yi dariya. Dan haka dariyarki ba ta maida ke muguwa ba, jan ki aka yi kika bi, bambancinki da sauran shi ne ke kin dawo kin ji ba daɗi. Wanda ya fi ƙona min rai shi ne in an zo ƙarshe ɗan masu gida ya yi kuka ya tuba a aura masa yarinyar a ce an rufa mata asiri, 'yan kallo na ta shi wa marubuci albarka. Wannan cutar ba mu kaɗai ke da ita ba, a Amurka akwai wasan talabijin General Hospital da a 1979 Luke ya yi wa Laura fyaɗe, a 1981 aka ɗaura musu aure a wasan mutum wajen miliyan 30 suka zauna kallon bikin kamar na 'yan uwansu. Su kansu jaruman ba a musu awo da mudu ɗaya, namiji ya fito a mugu a ce kai ya iya aktin, mace ta fito a 'yar bariki a bi ta shafinta ana zagin iyayenta, kuma kin tuna a 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood kan bidiyon waƙa da ta fito tare da mawaƙi ClassiQ, bidiyon mutum biyu ne amma kusan duk ruwan zagin a kanta ya sauka.

Yanzu Yaya. Ba zan ce ki fasa aure kan magana biyu da ya yi a gaban talabijin ba, haka kuma ba zan ce ki share ki shiga ɗaki da wannan dutsen a ƙirji ba. Mazanmu da yawa karin maganar ɓera da daddawa gado suka yi, a majalisa suka ji suke maimaitawa, ba su taɓa zama sun auna ta ba dan ba wanda ya taɓa tsayar da su. Wani in aka tsayar da shi sai jikinsa ya yi sanyi ya ce wallahi ban taɓa kallon abin ta nan ba, wani kuma sai ya ƙara hawa. Wanne ne naki ba ki sani ba tukuna, kuma kina da lokaci kafin sallah ki sani. In ya zo zance ku biyu, ba a gaban Umma ba dan kar ya ji kamar kin kunyata shi ya tsaya kare kansa, ki ɗauko zancen fim ɗin cikin natsuwa ki ce Yaya maganar da ka yi ranar nan ta tsaya min, yarinyar nan fa aikenta aka yi, da ta ƙi zuwa me Hajiyar za ta mata? Ki tambaye shi in ƙanwarsa ce aka aika fa, in ƙaninsa ne yaron wankin fa zai ce ya taki sa'a? Ki kawo masa Annabi Yusuf. Sannan ki yi shiru ki saurara, kar ki cike masa gurbin amsa. Ba lallai ya sauko a zama ɗaya ba, namiji da girman kai, ki ba shi kwana biyu ki ga ko zai dawo da zancen da kansa ko zai sauya in an sake nuno irin wurin. Amma in ya ce ke me ya dame ki da 'yar aiki, ko ya ce duk macen da aka yi wa ita ta so, ya maimaita ya kafe, to kin samu labari mai muhimmanci game da mutumin da zai zama uban 'ya'yanki mata da maza, wanda wata rana ɗaya daga cikinsu zai iya zuwa da magana a bakinsa yana neman wanda zai yarda da shi. A nan sai ki yi istihara ki nemi babba mai hankali a dangi, ɗaga biki ya fi sauƙi a kan zaman shekaru da mutumin da kike tsoron ya san ki.

Batun ki gaya masa abin da ya same ki, wannan sirrinki ne, ke ke da shi. Ba zunubi kika aikata ba balle a ce kina ɓoye laifi, zalunci aka miki, kuma ba bashi bane da yake binki kafin ɗaurin aure. In wata rana kin ga ya cancanta kuma faɗar za ta sauke miki nauyi, ki faɗa. Amma dan Allah kar ki faɗa yanzu dan ki gwada shi ko dan ki ci gardama, musamman da yake auren zumunci ne, maganar da ta shiga kunnen ɗan goggo in abu ya ɓaci tana iya zaga dangi kaf kafin magariba kuma ba ta dawowa. Fara gwada shi da yarinyar fim, ita ba abin da zai same ta. Ita ma Umma kar ki yanke mata hukunci da kalma ɗaya, iyayenmu mata da yawa suna faɗin irin wannan ne dan su lallashi kansu cewa tunda tasu 'yar mai kamun kai ce ba abin da zai same ta, tsoro ne ya sa rigar zargi. Ko za ki gaya mata ko a'a shi ma sai kin shirya.

Abin da nake so ki yi tun kafin duk wannan shi ne ki samu wanda ya san aikin ki yi magana da shi, ni saƙo kawai zan iya amsawa. A garinku Zariya akwai cibiyar Salama a asibitin Gambo Sawaba, an buɗe ta ne dan waɗanda aka ci zarafinsu, akwai masu ba da shawara kuma ana riƙe sirri, ba sai abin ya faru jiya ba, wanda ya shekara goma ma ciwo ne da ake dubawa. Na ƙara matsa miki a kan wannan ne saboda aure na gabanki, mata da yawa da aka yi wa haka suna ƙanana sai a daren farko abin ke dawo musu, jiki ya ƙi, tsoro ya taso, miji bai san dalili ba ita ma ta kasa bayani, gara ki fara warware ƙullin tun yanzu. Ki riƙe wannan ma saboda wata ko wani da zai iya zuwa miki: in abin sabo ne a kai shi asibiti cikin awa 72, a cikin wannan lokacin ne maganin kariya daga cutar HIV ke aiki, kuma kar a yi wanka ko a wanke kayan kafin likita ya duba.

Sai tambayar da ba ki yi ba ni zan miki: maƙwabcin nan yana nan? Har yanzu ana aiken yara gidansa? In yana nan, ba sai kin tona kanki ba kafin ki hana a tura ƙannenki, ki ce ba kya so a riƙa aikensu gidan maza su kaɗai, in aiken dole ne su tafi su biyu ko ki karɓa ki ba wani babba, mace da namiji duka, kar ki ce wannan ai namiji ne ba komai. Ƙannen nan naki suna falon ranar da aka ce daddawa ma da wari, suna nan ranar da aka yi dariya, sun ji kuma sun ajiye. Sati mai zuwa in an kunna fim ɗin aka zo irin wurin, ba sai kin yi wa'azi ko faɗa da kowa ba, ki dai ce da ƙarfi yadda za su ji, wannan yarinyar ba ta da laifi, wannan yaron ma zaluntarsa aka yi, in da ni ce yayarsu suka gaya min zan yarda da su. Daga baya ki ja kowannensu gefe shi kaɗai ki ce duk wanda ya taɓa shi inda bai dace ba, ko waye, ko ya ce zai kashe shi in ya faɗa, ya zo wurinki ba za ki dake shi ba kuma ba za ki yi dariya ba.

Ki sake rubuto min bayan kun yi maganar da Yaya, ina so naji me ya ce da kuma yadda fuskarsa ta yi lokacin da kika ambaci ƙaninsa. Allah Ya yaye miki, Ya saka miki, Ya zaɓa miki abin da ya fi alheri.